Hannun Nives a Ɗakin Tattabaru

Amilcare Cavatorta ya ce kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya ce shekara arba'in da ɗaya ke nan yana hawa ɗakin tattabaru, kuma da sauro zai hau dandamali ya kauce wa waƙa da ƙiris, shi zai riga sauron sani. Ya faɗi haka ranar Alhamis a wurin cin abincin rana, ya kuma maimaita, don a ganinsa magana mai kyau ba a barinta ta tafi ita kaɗai.

'Yarsa Nives ta ci gaba da zuba romo a kwanuka. Shekara huɗu ke nan rabon mahaifinta da jin ƙararrawar cocin da ke bayan gidansu.

Babu wanda ya lura a garin. Dama can Amilcare ba ya sauraron kowa, saboda haka da kunnen ya tafi babu abin da ya canja a hirarsa. Yana kallon bakin mutum ya tsinci rabin magana, ya cike sauran da ra'ayinsa. A shagonsa na naman doki kuwa, mata sun saba su ce rabin kilo ya auna musu abin da ya ga dama.

Inda abin yake da haɗari shi ne ɗakin tattabaru, benen nan na ƙarshe a gidan opera, dab da rufi, inda mahauta da masu gyaran takalmi da ma'aikatan jirgin ƙasa ke zama su yanke wa mawaƙa hukunci. Masu kuɗin da ke ƙasa riguna suke zuwa nunawa. Na sama su ke da kunne, kuma Amilcare ne shugabansu. In ya tafa, mutum ɗari uku su tafa. In ya sa yatsu biyu a baki ya yi fito, mawaƙi ya fara tambayar ƙarfe nawa jirgin safe ke tashi.

Nives ke zama a hagunsa. Ba ta yi makarantar kiɗa ba. A ɗakin ɗinki na gidan opera take aiki, a nan ta koya wa kanta karanta rubutun waƙa daga tsofaffin takardun da ake naɗe takalma da su.

Ba su taɓa shirya abin da baki ba. Wata rana wata mawaƙiya ta yi ɓarin murya, Nives ta damƙi hannun babanta don takaici, sai ya yi fito. Tun daga ranar ya zama doka. Damƙa ɗaya, fito. Taɓawa biyu da yatsa, tafi. A gida kuwa ba a taɓa ambaton zancen ba, ko sau ɗaya.

Shekara biyu da suka wuce aka ba Learco Bonazzi babban matsayi karo na farko. Baritono ne, muryar nan ta maza mai kauri wadda ba ta nutse can ƙasa ba, ba ta kuma hau sama tana tsiwa ba. Ɗan mai gadin mahaɗar jirgin ƙasa ne. Malaminsa na farko ya rantse tenore ne, mai siririyar muryar sama, ya shekara uku yana tura shi sama har muryar ta kusa tsagewa, sai wata tsohuwa mai koyar da piyano ta jiyo shi ta taga ta ce a mayar da bawan Allah nan inda aka halicce shi. Daga nan ya shekara shida yana fitowa ɗan aike: ya shigo, ya ce sarki ya iso, ya koma.

Ranar da ya samu babbar waƙarsa, ya rera ta yadda Nives ba ta taɓa jin an rera ba. Tsigar jikinta ta tashi, numfashinta ya tsaya, ta nemi abin riƙewa. Abin da ke kusa da ita hannun babanta ne.

Amilcare ya miƙe ya yi fito. Mutum ɗari uku suka bi shi, har da masu hawaye a ido, don sun ɗauka su ne ba su ji daidai ba.

Gidajen opera suka janye gayyatarsu. Learco ya koma waƙar biki da ta jana'iza, da wasan filin kasuwa a ƙauyuka inda karnuka ke taya shi. Ranar da ya kawo rigar wasansa ɗakin ɗinki, Nives ta karɓa ta fashe da kuka a kan rigar. Shi ya ɗauka tausayi ne, ya ce bai san akwai mai zuciya irin wannan a garin ba. Ba ta gyara masa ba. Da bikin Ista ya zo neman aurenta, Amilcare ya ce ba ya haɗa jini da mutumin da ya yi wa fito.

To, ranar Alhamis ɗin nan suna da baƙo a tebur. Gualtiero Tirelli ne, ɗan mai kantin magani, wanda ake kira Dottore, wato dokta, duk da jami'a ta dawo da shi gida sau biyu. Yana zuwa opera da madubin hangen nesa mai mariƙin azurfa, ya lumshe ido yana kaɗa kai, galibi a wurin da ba a kaɗa kai. Shi Amilcare ya zaɓa wa Nives.

Shi ya kawo labarin. Baritonon da aka ɗauko don wasan Lahadi da yamma maƙogwaronsa ya kumbura, an rasa wanda ya san wasan a kusa, an aika wa Bonazzi.

Ludayin ya kusa suɓucewa daga hannun Nives. Ta san abin da Learco ya taɓa gaya mata: mawaƙin da aka yi wa fito sau biyu a gida ɗaya ya gama. In hakan ta faru, jirgin ruwa zai bi zuwa Ajantina, inda wansa ke aikin gini.

Amilcare ya sa Dottore ya maimaita, wai don labarin ya yi masa daɗi. Sannan ya yi zancen kunnensa da sauro, ya goge baki.

"Bari ya zo," ya ce. "In ya fita daga waƙar kabari ban yi masa fito ba, na ba shi ita har da tukwanen uwarta. In kuwa na yi, Dottore, ran Litinin ka turo mahaifinka."

Dottore ya yi murmushi ya dubi Nives. "Signorina ta fi ni sanin wasa. A wane opera baritono ya taɓa tafiya da yarinya? Ko ya fito ubanta, ko a soke shi kafin a sauke labule."

Goggo Desolina, ƙanwar Amilcare wadda ta riƙe gidan tun rasuwar uwar Nives, ta ce ita dai ba ta ga amfanin mijin da ke mutuwa sau uku a mako ba.

Aka tura Nives ta raka baƙo bakin ƙofa. A kan matakala ya tsaya yana saka safar hannu, yatsa bayan yatsa.

"Madubin nan nawa, Signorina, ba dandamali kaɗai yake gani ba. Daga inda muke zama ana ganin sama sosai."

Ya ɗago ya dube ta.

"Na daɗe ina kallon hannunki. Damƙa ɗaya, taɓawa biyu. Har ranar Bonazzi na gani. Ban gaya wa kowa ba, saboda ni mutum ne mai tarbiyya." Ya gyara hula. "Ran Lahadi ki damƙa yadda kika saba. In ba ki yi ba, kafin azahar ɗin Litinin duk mai shan kofi a dandali zai san shugaban tattabaru kurma ne. Bonazzi kuma zai san hannun wa ya mayar da shi waƙar gawa."

Ya sumbaci hannun nata, na dama, ya sauka.

Ranar Juma'a ta sami babanta a bayan shago yana niƙa nama. Ta zagaya ta tsaya a gabansa, inda haske zai faɗa a bakinta.

"Baba, ranar nan Learco bai kauce ba. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Hannuna ne. Ban yi nufin…"

Ya juya ya fuskanci bango. Wasu in za su toshe kunne sai sun sa yatsu. Amilcare juya baya kawai yake yi.

Duk da haka ta faɗa. Ta gaya wa bayan rigarsa komai, tana kuka: yadda waƙar ta shige ta, yadda ta damƙe shi ba ta sani ba, yadda shekara biyu take tashi da abin ta kwana da shi, da abin da Dottore ya ce a matakala. Ta ce Baba ka ji tausayina. Ta ce Baba ni ma tsoro nake ji. Injin niƙa yana ta juyawa.

Can ya yi magana, da bango yake yi. "Da kunnena na ji shi. Ya yi ƙasa da rabin murya. Uwarki ta san kunnena, garin nan ya san kunnena. Ba za ki je aiki ba sai Litinin. Ran Lahadi ki zauna inda kike zama."

Ya ci gaba da juya mariƙin injin, bai waiwayo ba.

Goggo Desolina tana tsaye a bakin ƙofa da kwandon albasa. Ta ja Nives zuwa kicin, ta rufe ƙofa, ko da yake babu bukata.

"Kina zaton ban sani ba? Ni ke buga ƙafa a dabe in abinci ya nuna." Ta zaunar da ita. "Ki saurare ni, 'yar nan. Ubanki ba shi da komai a duniya sai kujerar nan. Yaƙi ya ci ɗansa, ciwo ya ci matarsa. In aka yi masa dariya a can sama, ba zai kai Kirsimeti ba. Mawaƙi kuwa ko a Ajantina akwai jana'iza."

"Goggo, ina son sa."

"Na sani. Ni ma na so wani mai busa ƙaho. Ga ni nan ina yanka albasa, ban mutu ba."

Nives ta dubi goggonta da kyau, ba ta tabbata ba.

Ranar Asabar da hantsi ta ce za ta je ikirarin zunubi wurin fada, limamin coci. Ta bi ta gaban coci ta wuce, ta gangara bakin kogi, inda benci yake a gindin gada. Learco yana can, ya naɗe wuya da mayafin ulu duk da rana. Kamar kowane mawaƙi mai hankali, ba ya magana ana gobe wasa. Yana yawo da ɗan littafi da fensir.

Da ya gan ta ya rubuta: Kin yi kuka.

Ta zauna a ƙarshen bencin. Ta yi tunanin Allah ya taimake ta da ya zama yau ce, ranar da ba zai iya yi mata tsawa ba. Sai kuma ta ji kunyar tunanin.

"Learco, zan gaya maka wani abu. Kar ka rubuta komai sai na gama."

Ta fara da kunnen babanta. Ta ga idonsa ya buɗe, har ya so ya yi dariya. Ta bayyana damƙa da taɓawa. Dariyar ta tsaya a hanya.

"Ranar da ka yi waƙar nan, ban taɓa jin abu irinta ba. Na rantse da kabarin uwata. Na ji kamar zan faɗo daga benen, sai na riƙe shi. Ni ban san na riƙe shi ba sai da na ji fito a kunnena. Na so in miƙe in ce ƙarya ne, amma in na ce ƙarya ne sai a tambaye ni ta yaya na sani, kuma shi yana tsaye a gefena kowa na kallonsa. Sai na zauna. Ranar da ka kawo riga na yi kuka, ka ce ina da zuciya. Ba zuciya ba ce, Learco. Ni na yi maka."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Ya ɗora fensir a kan takarda, ya ɗauke. Ya rufe littafin ya sa a aljihu.

"Shekara biyu, Nives."

Jin muryarsa ya fi komai firgita ta. "Kar ka yi magana, don Allah, gobe…"

"Shekara biyu ina neman inda na kauce. Na rera wurin nan ya fi sau dubu a ɗaki, har mai gida ta ce in tashi. Na je likita ya leƙa maƙogwarona da madubi. Na koma wurin tsohuwar nan mai piyano, ta ce ba ta jin komai, na ce ta tsufa. Na gaya wa matar da ta ba ni muryata cewa ta tsufa. Aikin da na rasa ba ya damuna kamar wannan. Na daina yarda da kunnena. Ko a gaban gawa na buɗe baki, sai in ji ina jiran fito."

Ta zame daga bencin ta durƙusa a kan tsakuwa. Ta ce za ta gyara. Ta ce gobe za ta taɓa babanta sau biyu, wataƙila hannunsa ya riga girman kansa, ya tafa, duk su tafa, a wuce wurin.

"Ba na so."

"Learco."

"In da yatsanki aka tafa mini, har in mutu ba zan san ko na iya ba. Kin ɗauke mini sau ɗaya, kar ki ba ni kyauta kuma." Ya gyara mayafinsa. "Ki sa farar safar hannu. Ki ɗora hannuwanki biyu a kan ƙarfen gaba, inda zan hango su daga ƙasa. Kar su motsa, komai za a yi."

"In na bar shi shi kaɗai zai kunyata. Ko kuma ya yi maka fito don ya riga ya rantse."

"Na sani."

"To mu fa?"

Ya ciro littafin, ya yi rubutu, ya yage takardar ya ba ta. Ya rubuta: Ban sani ba tukuna. Ya hau matakalar gada bai waiwayo ba.

Ranar Lahadi ƙarfe uku na yamma suka hau benen. Matakala ɗari da goma sha biyu ce, Nives ta san kowace, amma yau sai da ta dafa bango. Sama ta cika maƙil. Mutane sun zo da burodi da tsiran alade a takarda, da kwalaben jan giya a aljihun kwat. Labarin sharaɗin ya zaga gari, har matan da ba su damu da waƙa ba sun hau don su ga wanda za a ba yarinya.

Aka buɗe wa Amilcare hanya kamar kullum. Wani ya ce, "Shugaba, yau kunne na nan?" Ya ga bakin mutumin ya motsa, ya ɗaga hannu ya ce har ya yi yawa.

Dottore ma ya hau, karo na farko a rayuwarsa. Ya iso yana haki, riƙe da matashin zama mai geza, ya zauna daidai bayan Nives. Goggo Desolina ta zauna a damar wanta tana jan carbinta a cikin jaka.

Nives ta ɗora hannuwanta biyu a kan ƙarfe. Babanta ya dubi farar safar, ya dube ta, ya mayar da ido dandamali.

Aka buɗe labule. Amilcare ya haddace wasan nan tun yana jin sa, daga farko har ƙarshe. Yana kallon sandar maestro, mai jagorantar makaɗa, yana ƙirga da yatsa a gwiwarsa, ya san inda aka kai ko da bai ji ba. Abin da bai sani ba kawai shi ne ko an yi da kyau.

Learco ya shigo a kashi na farko da gemun roba da alkyabba baƙa, ya fito tsohon uba. Kafin ya buɗe baki ya ɗaga kai sama sau ɗaya. Muryar ta fito da ɗan rawa a farko, sannan ta zauna. Nives ta ji mutanen kusa da ita sun daina tauna. Amma babu wanda ya tafa, duk suna satar kallon shugaba, shugaba kuma yana satar kallon hannunta. Gumi ya jiƙa wuyan rigarsa.

Dottore ya sunkuyo ya raɗa mata cewa Litinin ba ta da nisa.

Kashi na uku ne waƙar kabari. Tsohon ya shigo shi kaɗai, ya durƙusa gaban kabarin 'yarsa, ya ba mutane baya, ya ja hular alkyabba ya rufe kai. A haka ake fara waƙar, a durƙushe, a hankali, tana hawa har ta kai wata doguwar murya a sama, wurin da ake gane baritono ko a kore shi. Kafin ya fara, babban goge yana yin ɗan gajeren kiɗa shi kaɗai.

Gogen ya fara. Yatsan Amilcare ya fara sauka a gwiwa. Nives ta ƙirga tare da shi a zuci, ta kai inda gogen ke tsayawa, ta riƙe numfashi.

Gogen bai tsaya ba.

Sai a lokacin ta tuna abin da ta taɓa gani a tsohuwar takarda: kiɗan nan dogo ne, shafi biyu cur. A garin nan ne ake yanke shi, tun zamanin wani tsohon maestro da ba ya shiri da mai gogen, kuma aka ci gaba a haka shekara arba'in har kowa ya manta akwai saura. Maestron bana yaro ne daga Milano, bai san da rigimar ba. Ya mayar da kiɗan duka. Da an bar ta ta je aiki a ƙarshen makon, da ta ji a wurin gwaji.

Sandar maestro tana tafiya a hankali kamar yadda take yi in ana waƙar. Learco yana durƙushe, bayansa kawai ake gani. Yatsan Amilcare yana ta sauka. A lissafinsa an yi nisa a waƙa. Leɓensa har motsi yake yana bin kalmomin.

"Baba," ta ce. Idonsa na ƙasa. "Baba, tsaya."

Ta dubi hannuwanta a kan ƙarfe. In ta damƙe shi, fito ta ce. In ta taɓa shi, tafi ta ce. Shekara huɗu suna wannan abu, bai taɓa zuwa musu a rai su tanadi alamar da ke nufin dakata ba. Kuma can ƙasa akwai mutumin da ya ce kar su motsa. Ta miƙa wuya ta leƙa fuskarsa don ya ga bakinta, ya kauda kai, ya ɗauka roƙo za ta yi.

Yatsan ya kai wurin babbar muryar. Ya tsaya.

Amilcare ya miƙe, ya sa yatsu biyu a baki. Fiton ya tsaga gidan daga rufi har ramin makaɗa.

"Ka yi ƙasa!" ya daka tsawa. "Rabin murya, kamar wancan karon! Koma wa gawarwakinka!"

Mutum ɗaya ne ya bi shi. Dottore ya cusa yatsu a baki da safar hannunsa, abin da ya fito iska ce da yawu.

Sauran ɗari uku ba su motsa ba. Masu kuɗin ƙasa suka ɗago madubansu sama. Mai gogen ya ɗan yi tuntuɓe, maestro ya harare shi, ya ci gaba da kiɗansa shi kaɗai, a hankali, cikin shirun da Nives ba ta taɓa jin irinsa a gidan ba.

Amilcare yana tsaye yana murmushi, ya buɗe hannuwa yana jiran jama'arsa. Ya dubi dama, ya ga ƙanwarsa ta rufe fuska da jaka. Ya waiwaya baya, ya ga bakuna a rufe, da idanu. Wani tsohon mai gyaran takalmi da suka shekara talatin suna zama layi ɗaya ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

Murmushin ya fara sauka. Ya juyo hagu, ya dubi farar safar da ke kan ƙarfe, sannan ya dubi bakinta, sosai, yadda bai taɓa yarda a gan shi yana yi ba.

Nives ta juyo da fuskarta inda hasken dandamali zai same ta. Hawaye na zuba, ta faɗa a hankali, kalma bayan kalma, don kar ya rasa ko ɗaya.

"Baba, bai fara waƙar ba tukuna."